Yadda iyali za su haɗa tallafin da mai galahanga yake buƙata, tun daga zargin farko har ya girma

Ranar da likita ya ce yaro yana da galahanga, wadda a asibiti ake kira otizim, iyaye kan fito da takarda a hannu ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Babu ofis guda da ya tattara dukan taimakon. Wani yana asibiti, wani yana makaranta, wani yana ma'aikatar walwalar jama'a ko ƙungiyar sa kai, mai yawa kuma yana wurin iyayen da suka riga ku shiga wannan faɗi-tashi. Waɗannan wurare ba safai suke tuntuɓar juna ba, iyali ne ke haɗa su. Aikin yakan yi sauƙi idan an bi shi bi da bi, aka kuma riƙa neman taimako da sunan abin da ke damun gidan, kamar "ba ya barci" ko "ba ta iya nuna tana jin ƙishirwa". Sunan larurar kaɗai ba ya gaya wa ma'aikaci abin da zai yi muku.

Dalili kuwa shi ne masu galahanga ba iri ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma a rahotonta na 2025 ta samu ɗaya cikin 31 tsakanin 'yan shekara takwas a yankunan da take bibiya. A cikin wannan taro akwai wanda ba ya furta kalma, akwai wanda ya gama jami'a amma hayaniyar ofis ke hana shi riƙe aiki. Tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗe nau'o'in da a da ake rarrabawa ƙarƙashin suna ɗaya, ya kasa su hawa uku gwargwadon yawan tallafin da mutum ke buƙata.

Mataki na farko: ku sami littafi

Kafin ku je ko'ina, ku ɗauki mako biyu kuna rubuta abin da ke faruwa. Duk lokacin da yaro ya birkice, a rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya biyo baya. Ga misalin yadda layi ɗaya zai kasance: "Ƙarfe huɗu, an kunna injin a maƙwabta. Ya toshe kunne, ya cije hannunsa. An shigar da shi ɗaki an rufe taga, ya lafa bayan minti goma." Layi ashirin irin wannan sun fi dogon bayani na baki, domin a gaban likita mutum yakan manta rabin abin da ya zo da shi. Ku ɗauki gajeren bidiyo a waya, saboda yaro ba lallai ya yi a asibiti abin da yake yi a gida ba. Ku rubuta abin da yake so da abin da ya iya, don da su za a gina koyarwa.

Bayan mako biyun ku zauna ku zaɓi matsala uku da suka fi wahalar da gidan. Uku kawai. Da su za ku shiga kowane ofis.

Mataki na biyu: bincike, da abin da za ku nema a bincika

Alamun da ke sa a nemi bincike sanannu ne: yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don ku gani tare, magana ta makara ko ta ɓace bayan ta fara, yana maimaita motsi ɗaya, ƙaramin sauyi a tsarin ranarsa yana tayar masa da hankali. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Takardar tambayoyin da aka fi amfani da ita, M-CHAT-R, tambaya 20 ce da iyaye ke amsawa game da yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Tana nuna wanda ya kamata a duba sosai, ba ita ke yanke hukunci ba.

Ba a gano galahanga da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Likitan yara, ko likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayyar ɗan Adam ne zai saurari tarihin yaron ya kuma kalli yadda yake wasa da mu'amala. Ku nemi a gwada jinsa tukuna, domin rashin ji yakan yi kama da galahanga, kuma suna iya haɗuwa. Ku nemi rahoto a rubuce wanda ya faɗi abin da yaron yake buƙata dalla-dalla, ku yi kwafinsa da yawa. Makaranta da ma'aikatar gwamnati da takarda suke aiki.

Ga inda ake yawan yin sakaci. Farfaɗiya, rashin barci, taurin bayan gida, fargaba da rashin iya zama wuri ɗaya sun fi yawa ga masu galahanga, kuma duk ana iya magance su ko rage su. Yaron da ba ya magana, idan haƙori ko kunne ko ciki yana masa ciwo, da buga kai ko cizo zai faɗa. In hali ya sauya farat ɗaya, a fara duba jiki kafin a ce ai larurarsa ce. 'Ya'ya mata kuma sukan kuɓuce wa bincike, saboda da yawansu suna kwaikwayon ƙawaye a makaranta, sai sun dawo gida su zube.

Wani zai ce muku allurar rigakafi ce ta jawo. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan magana, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Binciken da aka yi a Denmak kan yara fiye da 650,000, wanda ya fito a 2019, bai samu wata alaƙa ba. Gado yana da babban hannu a lamarin. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen mai galahanga su ma sukan kasance da ita, don haka a sa ido kan jaririn da ke tasowa.

Mataki na uku: kada ku zauna jiran layi

A wurare da dama jiran ganin ƙwararre yakan ɗauki watanni, har fiye da shekara. Wannan lokaci bai kamata ya tafi a banza ba. A ganina taimakon da ya fi kowanne riba shi ne wanda ke koya wa iyaye, domin ƙwararre awa ɗaya yake ganin yaro a mako, ku kuwa kuna tare da shi safe da dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu reno da ake kira CST, don iyalan yara 'yan shekara biyu zuwa tara masu jinkirin tasowa. Zama tara ake yi a rukuni da ziyarar gida uku, ma'aikatan lafiya ko na al'umma da aka horar ne ke gudanarwa, kuma ba sai an tabbatar da larurar a takarda ake shiga ba. A 2022 an fitar da nau'in da ake bi ta intanet kyauta. Ku tambayi asibiti ko ƙungiyar iyaye ko ana yin sa kusa da ku. A Ingila kuma an yi gwajin PACT da yara 152: iyaye suna kallon bidiyon wasansu da yaro tare da ƙwararre, yana nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo ba su lura ba. Da aka sake duba yaran bayan kusan shekara shida, a sakamakon da ya fito a 2016, amfanin yana nan.

Abin da za ku fara a gida yau shi ne ba yaro hanyar faɗin buƙatarsa. Ku ɗauki hoton kofin da yake shan ruwa da shi, ainihin kofinsa, ku manna a kwali. Idan ya ja hannunku zuwa wurin ruwa, mutum na biyu ya tsaya a bayansa ya kama hannunsa a hankali, ya taimaka masa ya ɗauki hoton ya miƙa. Wanda ya karɓa ya ce "ruwa" sau ɗaya, ya ba shi nan take. Ba a cewa "ka ce ruwa tukuna", ba a jan rai. Bayan kwanaki sai mai taimakon ya riƙa janye hannu, daga riƙe hannu zuwa taɓa gwiwar hannu, har yaron ya miƙa da kansa. Sannan a ƙara hoto na biyu. Wannan shi ne tushen tsarin PECS da aka fara a Amurka a 1985. Iyaye kan ji tsoron hoto zai hana magana fitowa, amma bincike bai nuna haka ba. Abin da aka fi gani shi ne bori yana raguwa, tun da yaro ya samu abin da ya fi kuka saurin biyan buƙata.

Mataki na huɗu: ku nemo mutanenku

Ku tambayi wurare huɗu: sashen yara na asibiti mafi girma da za ku iya kaiwa, ofishin ilimi mai kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, ma'aikatar walwalar jama'a ko hukumar nakasassu, da ƙungiyoyin iyaye. A kowane wuri ku rubuta sunan wanda kuka gani, da ranar, da abin da ya yi alkawari. Kafin ku tashi ku tambaye shi: "In ba ku yin wannan, wa ke yi?" Sau da yawa amsar wannan tambaya ta fi abin da ya kai ku amfani. Ku tambaya ko akwai rajista ko katin shaidar nakasa, domin a ƙasashe da yawa shi ne mabuɗin tallafin kuɗi, rangwamen sufuri da gurbin makaranta.

Ƙungiyar iyaye ta cancanci a tsaya a kanta. Su ne suka san wane likitan haƙori ke da haƙuri da yaro mai tsoron taɓawa, wace makaranta ke karɓa da gaske, wace ce ke karɓar kuɗi ta ajiye yaro a lungun aji. Amma ba kowace ƙungiya ce ta zama ba. Ku halarta sau biyu ko uku ku lura. Idan kuna fitowa da abin gwadawa a gida da sauƙin zuciya, ku zauna. Idan zaman ya koma tallar magani, ko gasar wane ne ɗansa ya fi ci gaba, ko ana watsa hoton yaran mutane ba izini, ku zame jiki. Haka zaurukan WhatsApp da Facebook: suna da amfani da tsakar dare lokacin da babu wanda za a kira, amma kada ku sa rahoton likita ko cikakken sunan yaro a inda ba ku san kowa ba.

In babu ƙungiya, iyali uku sun isa su fara. A tsayar da rana ɗaya a wata, a wuri mara hayaniya mai ƙofar da ake iya rufewa, a samu mutum biyu da za su kula da yara a gefe. Kowane zama ya zama da batu ɗaya, barci ko koyon shiga banɗaki ko aski. A yi ƙa'ida tun ranar farko cewa abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kuma ba a sayar da komai. Idan kun yi ƙarfi, ku gayyaci ƙwararre ya zo ya yi wa kowa bayani lokaci guda. Abin da iyali ɗaya ba za su iya biya ba, goma za su iya. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa galahanga a 2007, lokaci ne mai kyau na neman ganin jami'ai, don a makon kunnensu a buɗe yake.

Ku kuma nemi manya masu galahanga ku saurare su. Su ne za su gaya muku yadda hasken fitila mai ƙyaftawa ko alamar wuyan riga ke ji a jiki, da dalilin da ya sa kaɗa hannu ke kwantar musu da hankali.

Mataki na biyar: ku auna hidima kafin ku ba da yaro ko kuɗi

Masu koyar da magana, masu koyar da ayyukan yau da kullum kamar sa tufafi da riƙe cokali, da masu gyaran ɗabi'a, duk akwai na ƙwarai akwai na bogi. Ku tambayi takardar shaidar karatunsu. Ku tambayi me ake son cim ma cikin wata uku, kuma ta yaya za a gane an cim ma. Ku nemi ku zauna ku kalla. Wanda ya ce sam iyaye ba sa shiga, ba sa leƙe, ya ba ku amsar da kuke nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ƙwararren da bai tambaye ku matsalolinku uku ba, ya fara da nasa jadawali, bai fara daidai ba.

Burin ma a duba shi. Koya wa yaro neman taimako, tsallaka titi, wanke jiki, wannan buri ne. Tilasta masa kallon ido ko hana shi kaɗa hannu don kawai ya yi kama da sauran yara, wahala ce da ba ta ƙara masa komai. Duka, ɗauri, kullewa a ɗaki ko hana abinci ba koyarwa ba ne ko da wane suna aka ba su.

Duk wanda ya yi alkawarin warkewa, ku riƙe aljihunku. Babu maganin da ke kawar da galahanga. Ruwan MMS da ake tallatawa a intanet sinadarin bilic ne, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kansa. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar ya mutu a Amurka wajen yi masa abin da ake kira wanke ƙarfe daga jini. Akwai magunguna na gaskiya, irin risperidone da aripiprazole, da likita kan rubuta don tsananin fushi da cutar da kai. Suna taimaka wa wasu, amma suna sa ƙiba da kasala, ba a shan su sai da bibiyar likita.

Mataki na shida: makaranta

Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006, wadda yawancin ƙasashe suka amince da ita, ya ce kada a hana yaro makarantar kowa da kowa saboda nakasa, kuma a yi masa sassaucin da ya dace. Yadda ake aiwatarwa ya bambanta. A Amurka doka ta tilasta a rubuta wa kowane irin wannan ɗalibi tsarin karatunsa na kansa, a Ingila akwai takardar da ta haɗa ilimi da lafiya da kulawa har zuwa shekara 25. Ko ƙasarku ba ta da irin wannan, ku rubuta naku ku nemi a sa hannu.

Ku je da shafi ɗaya mai ɗauke da hoton yaron, abin da yake so, abin da ke birkita shi, alamar da ke nuna ya kusa birkicewa, da abin da ke kwantar da shi. Ku nemi abu ƙanana da za a iya farawa gobe. Idan shugabar makaranta ta ce, "Gaskiya ba mu da malaman irin waɗannan yara," kada a kai ruwa rana. A ce mata, "Malama, abu uku muke roƙo. A zaunar da shi nesa da ƙofa, a gaya masa minti biyar kafin a canza darasi, in ya ɗaga wannan kati a bar shi ya fita ya huta. A gwada wata ɗaya mu dawo mu zauna." Da wuya a ƙi roƙo irin wannan. Ku sa ƙaramin littafi a jakarsa da malami zai rubuta layi biyu kullum, ku ma ku rubuta in bai yi barci ba. Ku tambayi yadda lokacin tara ke wucewa, don a nan ake yawan cin zali.

Mataki na bakwai: tsaro

Wani bincike na 2012 ya samu kusan rabin yara masu galahanga sun taɓa yunƙurin ficewa ba a sani ba bayan sun kai shekara huɗu, kuma ruwa da titi su ne manyan haɗurra. A sa sakata sama inda hannunsa ba ya kai, a ɗinka lambar waya a tufafinsa, a koya masa iyo in da hali. Ku gaya wa maƙwabta na kusa yadda za su tunkare shi: ba ihu, ba cafka ta baya. Idan ya ɓace, a fara duba inda ruwa yake.

Mataki na takwas: mai reno ma mutum ne

A wasu ƙasashe akwai hidimar karɓar yaro na awoyi ko kwana don iyaye su huta. Ku tambaya. Inda babu, ku horar da mutum biyu amintattu tun kafin buƙata ta taso. Su fara zama da yaron kuna nan, sannan ku fita minti talatin, sannan awa biyu. Iyalai biyu kuma suna iya yin karɓa-karɓa. Uwar da ta yi watanni ba ta samu barcin kirki ba, ta daina jin daɗin komai, tana yawan kuka, ita ma likita take buƙata, kuma faɗin haka ba gazawa ba ce. Aikin kada ya zama na uwa kaɗai. Uba ya riƙe wani sashe sukutum, ko wanka ko kai makaranta ko zuwa asibiti.

'Yan'uwansa a yi musu bayani daidai shekarunsu, a ware musu lokacin da ba a maganar ɗan'uwansu, kada kuma a mai da babbar ya uwa ta biyu tun tana firamare.

Mataki na tara: girma

Yawancin hidimomi na yara ne, sai a wayi gari an gama makaranta babu inda za a je. Shiri yana farawa tun yana ɗan shekara 13 ko 14. Kafin balaga ta zo a koya masa, da hoto in ya kama, sunayen sassan jiki, inda ba a taɓa shi, da wanda zai gaya wa in an taɓa. Yarinya a fara koya mata amfani da audugar mata tun kafin jinin farko. Masu nakasa sun fi fuskantar cin zarafi, wanda ba ya magana kuma ya fi kowa.

Sana'a a nemo ta daga abin da yake so. Mai son jera kaya daidai yana iya aikin sito, mai son kwamfuta yana iya shigar da bayanai, mai son dabbobi ko shuke-shuke akwai inda zai dace. A fara da awa biyu a mako a wurin wanda ya yarda a yi masa bayani, a rubuta matakan aikin a kati, a samu mutum ɗaya da zai riƙa tambaya. Ku bincika ko akwai cibiyar koyon sana'a, wurin wuni na manya, ko gidan zama mai ma'aikata. Inda akwai su layin yakan yi tsawo, a sa suna da wuri.

Sai maganar da iyaye ba sa son ɗagawa: wa zai riƙe shi bayan ku. Ku zauna da wanda kuke tunani ku tambaye shi baki da baki, kada ku ɗauka ya sani. Ku rubuta magungunansa, likitansa, tsarin ranarsa, abin da yake tsoro da inda takardunsa suke, ku ba mutum biyu kwafi, ku sabunta duk shekara. Ku ga lauya kan yadda dokar ƙasarku ta tsara wakilci da riƙon dukiyar baligi mai nakasa, domin a wurare da yawa da zarar ya cika 18 sa hannunku ba ya wadatarwa a banki ko asibiti. Sashe na 12 da na 19 na yarjejeniyar 2006 sun ba shi haƙƙin a taimaka masa ya yanke shawara da kansa, ya kuma zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Saboda haka a zaman da za a yi wannan magana a sa masa kujera, a tambaye shi da baki ko da hoto ko da rubutu, a rubuta amsarsa a cikin takardar.